Garin Leda a Taɓon Bakin Teku, da Yadda Ɗumamar Yanayi Ke Shirin Tono Shi

Duk wanda ya taɓa ɗaga tsohon buhun taki ko na shinkafa da ya sha rana a bayan ɗaki ya san abin da zan faɗa. Kana kama shi sai ya yage a hannunka kamar busasshen ganye, in ka murza kuwa gari yake zama, fari-fari haka, ya manne maka a yatsu har sai ka goge a jikin wando. Haka tsohuwar buta take yi, haka kujerar roba ta haya da aka daɗe ana jerawa a filin biki, kalarta ta koɗe, wataran wani ya zauna ta dare da shi. Mu dai cewa muke abin ya ruɓe. To gaskiya bai ruɓe ba. Ruɓewa sai abin da ƙasa ke iya ci, irin ɓawon ayaba ko kashin shanu. Shi wannan farfashewa kawai ya yi, robar tana nan yadda aka ƙera ta, ido ne dai ya daina ganinta.

Wannan garin shi masana ke kira maikurofilastik, ni kuma ɓarɓashin roba zan riƙa cewa don ya fi daɗin baki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne duk guntun da bai kai milimita 5 ba, wato daga girman ƙwayar dawa har zuwa wanda sai da madubin likita za ka gan shi. Wani malamin jami'ar Plymouth a Ingila, Richard Thompson, shi ya sa sunan ya bazu a 2004, bayan ya yi ta tace yashin bakin teku yana cin karo da zare-zare da gutsattsarin da ba na halitta ba. Kuma ba daga leda da gora kaɗai yake zuwa ba fa. Tayar mota da ke cinyewa a kan kwalta, ina kake tsammanin abin da ya goge yake zuwa? Ruwan sama ke wanke shi zuwa kwata. Kayan sawa na roba-roba, irin jesin ƙwallo da bargo da rigunan sanyi na gwanjo, duk wanki sai sun zubar da zare, har an taɓa aunawa a can Plymouth ɗin aka ga wanki ɗaya na kilo 6 a inji yana iya sakin zare sama da 700,000. Ga tsofaffin komar masunta, ga fentin jiragen ruwa.

Yanzu ga inda lissafi ya rikice wa masana. A 1950 robar da duniya ke ƙerawa a shekara wajen tan miliyan 2 ce kacal, yanzu ta haura tan miliyan 400. Wani ƙiyasi da ya yi fice ya ce a shekarar 2010 kaɗai tsakanin tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 ne ya shiga teku daga tudu. Amma da aka bi da jirage ana jan raga a saman ruwa ana ƙirgawa, abin da aka ƙiyasta yana yawo a sama bai wuce tan 270,000 ba. Ka ga an zuba buhu, an zo awo an tarar da ɗan gwangwani. Ina sauran? Wani ya nutse can ƙasan teku, wani igiyar ruwa ta dawo da shi gaɓa, wani kuma, wanda shi ne maganarmu, ko nisa bai yi ba, tun a bakin ƙofa aka tare shi, a cikin taɓon fadamun da ke tsakanin tudu da teku.

Sai na ɗan bayyana wurin, tunda mu mutanen tudu ne, da yawanmu ba mu taɓa taka shi ba. A ƙasashe masu zafi, inda kogi ke haɗuwa da teku, akwai wani daji da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, ana ce masa mangurob. Ba mangwaro ba don Allah, ko alaƙa ba su da ita. Itace ne da saiwarsa ke waje, wani irin saiwar ta fito daga jikin gindin ta lanƙwaso ƙasa kamar ƙafafun gizo, wani irin kuma saiwar ta ɓullo daga cikin laka tsaye cirko-cirko kamar an kakkafa fensir dubu a ƙasa. Da waɗannan yake numfashi saboda lakar da yake tsaye a kai babu iska a cikinta. Sau biyu a rana a yawancin wurare teku ke cikowa ta shanye saiwoyin sannan ta janye. A ƙasashe masu sanyi kuwa ciyawa ce ke yin wannan aikin a fadamar gishiri, can gaba a cikin ruwa kuma akwai ciyawar teku da ke shimfiɗe kamar tabarma.

Duk wanda ya ga yadda shingen kara ke tare yayi da ƙasa in ruwa ya ɗauko a gona ya gama gane aikin saiwoyin nan. Ruwa ya taho da gudu, ya shiga tsakaninsu, ƙarfinsa ya mutu, duk abin da ya ɗauko sai ya sauke. Laka ta kwanta, ganye ya kwanta, gobe wata ta hau kai. Kaɗan-kaɗan ne, 'yan milimitoci a shekara, amma abin da aka yi shekaru dubbai ana yi, sai ka tarar da taɓo mai zurfin mita da yawa. To a cikin wannan taɓon babu iskar oksijin, don haka ganye da matattun saiwa ba sa ruɓewa da wuri, a nan suke zama da kabon ɗin da itacen ya zuƙo daga sama, wato sinadarin da in ya koma sama a matsayin iska yake ɗumama duniya. In ka zura ƙafa ka zaro za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wannan warin aikin wasu bakteriya ne da ke rayuwa da sinadarin salfet na ruwan teku, kuma warin alheri ne, don su ne ke danne ɗaya rukunin bakteriyar masu fitar da iskar metan, wadda ita ma ɗumama duniya take yi. Shi ya sa fadamar gishiri ba ta fitar da metan kamar fadamar ruwan daɗi ko gonar shinkafa.

Wani awo da aka buga a 2011 kan dazukan mangurob na yankin tekun Indiya da Fasifik ya samu matsakaicin kusan tan 1,000 na kabon a kowace hekta, ninki uku zuwa biyar kenan na abin da dazukan tudu da dama ke riƙewa, kuma mafi yawansa ba a jikin itacen yake ba, a ƙarƙashin ƙasa yake. Wannan shi ake kira shuɗin kabon a tarukan sauyin yanayi. Rumbu ne, ba wanda ya gina shi, ba wanda ke biyan mai gadi.

Matsalar ita ce rumbun ba ya zaɓe. Dabarar da ke tare ganye ita ke tare leda. Za ka ce ai leda ba ta nutsewa, gaskiya ne ledar fiya wata da murfin gora sun fi ruwa rashin nauyi, amma ba su 'yan makonni a ruwa, gansakuka da ƙananan halittu za su lulluɓe su, laka ta manne, nauyi ya ƙaru su yi ƙasa. Robar gora da ta fayif da zaren nailan kuwa dama can sun fi ruwa nauyi. Sai ƙaguwa ta zo tana haƙa raminta tana juya ƙasa, ta tura ɓarɓashin ciki. Da zarar ya binnu shi kenan, abubuwan da ke farfasa roba su ne rana da iska da zafi, a cikin taɓo kuwa duhu ne da sanyi, don haka an adana shi ne kawai kamar an sa a firij.

Yadda ake gano wannan abin sha'awa ne wallahi. Fayif suke kafawa a cikin lakar su buga shi ya shiga, su zaro shi da lakar a ciki kamar yadda ake zaro ɓargo daga ƙashi, sai a yanka ta faifai-faifai. Kowane faifai ana iya sanin shekarunsa, saboda akwai wani nau'in darma mai lamba 210 da ke saukowa daga sama kullum, rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 22 da 'yan watanni, kuma akwai tabon da gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka bari a ƙasar duniya wanda ya fi yawa a 1963. Daga nan sai a jiƙa lakar a ruwan gishiri mai kauri, ƙasa ta kwanta roba ta taso, a zuba sinadarin da ke cinye ganye, abin da ya rage a haska masa na'ura ta faɗi ko wace irin roba ce. Masu aikin ma rigar auduga suke sawa a lab don kar zaren rigarsu ya faɗa ciki ya ɓata lissafi, ka ga irin yadda abin ya game ko'ina.

Masu bincike na jami'ar KAUST a Saudiyya sun yi wannan a mangurob ɗin Bahar Maliya da Tekun Fasha, suka buga a 2020, sai suka ga robar da ke binnuwa tana ta ninkuwa tun daga shekarun 1950, tana bin sawun yadda masana'antun duniya ke ƙara ƙera ta, kuma mafi yawanta ƙanana ne da ba su kai rabin milimita ba, irin waɗanda dama aka rasa a saman ruwa. A gaɓar Santa Barbara ta Amurka, duk da can ƙasan teku ne ba fadama ba, lakar ta nuna adadin yana ninkawa kusan duk shekara 15 daga 1945 zuwa 2009. A tsibirin Mayorka na Sifaniya kuma ciyawar teku ce ke dunƙule matattun zarenta ya zama ƙwallaye masu kama da curin gashi, igiyar ruwa ta watso su gaɓa, da aka fasa su aka samu har guntun roba 1,470 a kilo ɗaya.

To ina sauyin yanayi ya shigo? A nan ne nake ganin ana yawan cakuɗa magana, a ɗauki ƙaramin abu a kai shi sama, babban kuma a wuce shi.

Wanda aka fi yayatawa shi ne wai roba na fitar da metan. E, da gaske ne, a 2018 masu bincike a jami'ar Hawaii sun shanya robobi iri-iri a rana suka auna, suka ga suna sakin metan da wata iska mai suna etilin, kuma irin robar da ake leda da ita ce ta fi kowacce. Amma su kansu sun ce in aka gwada da jimillar metan ɗin duniya wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, shanu da gonakin shinkafa da rijiyoyin gas sun yi masa fintinkau. Sannan rana ce ke tayar da abin, wanda ke binne a taɓo kuwa ina ya ga rana. Don haka in ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ledar teku ce ke ɗumama duniya, ka rage wani abu.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne abin da ɓarɓashin ke yi wa ƙananan halittun cikin lakar, tunda su ne ma'aikatan rumbun. A 2020 wata cibiyar binciken teku a jihar Bajiniya ta Amurka ta ɗebo lakar fadamar gishiri ta cakuɗa da robobi iri huɗu, bayan sati biyu da 'yan kwanaki sai ga jama'ar bakteriyar ta sauya. Robar fayif, wato PVC, ta danne waɗanda ke sarrafa naitirojin, soson katifa da robar da ake yi da masara kuma suka ƙara musu ƙaimi. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda waɗannan bakteriyar su ke tace takin zamani da ƙazantar da koguna ke kwasowa kafin su shiga teku, kuma in aikin ya tsaya rabi da rabi akwai wata iska da ke iya fita, naitiros oksaid, wadda tan ɗayanta ke ɗumama duniya kamar tan 270 da wani abu na iskar kabon. Sai dai a riƙe cewa irin waɗannan gwaje-gwajen a kwalba ake yinsu, kuma sau da yawa robar da ake zubawa ta fi wadda ake samu a yawancin fadamu. Sun nuna hanyar da ɓarna ke iya bi, amma kwalba daban, daji daban.

Akwai wata 'yar dabara kuma da ta ba ni dariya da na fara jinta. Ita leda kusan kashi 86 cikin 100 na nauyinta kabon ne, tunda daga mai da gas aka yi ta. Hanyar da aka saba auna kabon ɗin ƙasa ita ce a ƙona samfur a ga abin da ya fita, na'urar kuwa ba ta san bambancin kabon ɗin ganye da na leda ba. Yanzu da ake kasuwancin shuɗin kabon, kamfani a Turai ya biya kuɗi don a kula da mangurob a Kenya ko Indonesiya a rubuta masa ya rage hayaƙi, a wuri mai datti sosai ana iya ƙirga shara a matsayin kabon ɗin da itace ya zuƙo. Wato a sayar maka da tsakuwa a cikin shinkafa, har ka yi godiya.

Amma ni inda na fi ganin haɗarin shi ne wurin numfashin itacen. A gundumar Demak da ke arewacin tsibirin Jaba a Indonesiya, inda ƙasa ke nutsewa teku na cinye ƙauyuka, masu bincike sun tarar a wasu wuraren leda ta rufe har rabin ƙasan dajin. Sai suka gwada da gangan, wasu itatuwan suka rufe rabin saiwoyinsu na numfashi, wasu suka rufe duka. Waɗanda aka rufe wa rabi sun yi ta fafutuka suna fitar da sabbin saiwoyi, waɗanda aka rufe duka kuwa ganye ya zube, da yawa suka mutu. Kamar a toshe wa mutum hanci ne. Wannan manyan ledoji ne ba gari ba, na sani, amma su ne iyayen garin, kuma a wuri ɗaya ake samunsu. In itace ya mutu saiwa ta ruɓe, babu mai riƙe lakar, ruwa ya fara zaizayarta, iska ta shiga inda ba ta taɓa shiga ba, kabon ɗin da ya yi shekaru ɗaruruwa a kwance ya tashi ya koma sama, ɓarɓashin roba na shekara 70 kuma ya koma ruwa. Ƙofa ɗaya ce, in ta ɓalle duka biyun ke fita.

Ita kuwa ɗumamar yanayi aikinta kenan, jijjiga wannan ƙofar. Daga 1901 zuwa 2018 teku ta ƙaru da kusan santimita 20, kuma gudun yana ƙaruwa, tsakanin 2006 da 2018 ya kai milimita 3.7 a shekara. Mangurob na iya bin ruwa yana ɗaga ƙasarsa da sabuwar laka, amma yana da iyaka, binciken da aka yi kan tsohuwar laka ta shekaru dubbai ya nuna in hawan ruwa ya wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara da wuya ya iya bi. Da can in ruwa ya matso sai dajin ya ja baya zuwa tudu, yanzu a bayansa akwai titi da katanga da gidaje da tafkunan kiwon jatan lande, gaba kura baya sayaki. Zafi da fari ma na kashe shi, a ƙarshen 2015 zuwa 2016 sama da hekta 7,000 suka bushe a gaɓar Carpentaria ta arewacin Ostareliya, tsawon gaɓa kusan kilomita 1,000, a wurin da ko mutane babu sosai. A 2024 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta ce sama da rabin dazukan mangurob na duniya na cikin haɗarin rugujewa nan da 2050.

Ta ɓangaren tudu kuma ambaliya ce ke ƙaro kaya. A kogunan yankin Mancesta na Ingila an auna ɓarɓashin roba a ƙasan ruwa kafin babbar ambaliyar hunturun 2015 zuwa 2016, aka dawo bayanta aka sake aunawa, sai aka ga ta share kusan kashi 70 cikin 100, ƙwaya wajen biliyan 43, duk ta yi gaba da su. Ruwan sama mai ƙarfi irin na lokaci guda kuwa yana daga cikin abubuwan da ɗumamar yanayi ke ƙarawa. Ingila ɗin ma tana da wani ciwon, tsofaffin bololi sama da 1,000 da aka binne a bakin teku shekarun baya, da yawa a kan fadamun gishiri don a lokacin ana ganinsu wurin banza ne, yanzu a wurare irin East Tilbury a bakin kogin Thames ruwa na yanko gefen bolar, sharar kakanni na zubowa.

Duk da haka in za a yi maganar babbar alaƙar roba da yanayi, ba a taɓo take ba, a masana'anta take. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ƙiyasta cewa a 2019 harkar roba ta fitar da hayaƙi tan biliyan 1.8, kashi 3.4 cikin 100 na duk duniya, kuma kusan kashi 90 na wannan a wurin ƙerawa ne. Kafin leda ta iso hannunka ta riga ta yi mafi yawan ɓarnarta ga yanayi.

Wani zai ce to mu da ke Kaduna ko Sakkwato ko Yamai me ya haɗa mu da taɓon teku. Kogin Kwara ya haɗa mu. Daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Bamako da Yamai da Gaya da Yawuri, gulbin Sakkwato da na Rima suka zuba a cikinsa, kogin Kaduna ya zuba, Binuwai ya kwaso Gongola suka haɗu a Lakwaja, duka suka gangara Neja Dalta, inda dajin mangurob mafi girma a Afirka yake. Wani bincike na 2017 ya saka Kwara da Nilu cikin koguna 10 da suka fi kai roba teku, daga baya a 2021 wani lissafin ya ce a'a, ƙananan kogunan da ke ratsa biranen gaɓa sun fi laifi, koguna sama da 1,000 ne ke ɗauke da kashi 80, na farkonsu Pasig na Manila. Ni na fi karkata ga na biyun, don hanya mai nisa tana da matsaya da yawa, madatsun Kainji da Jebba da Shiroro kansu suna tare laka da duk abin da ke cikinta. Amma tarewa ba ɓacewa ba ce, kuma wanda ya ga Lakwaja a ambaliyar 2012 da ta 2022, tireloli sun yi kwanaki a layi ruwa ya shanye titi, ya san in kogin nan ya tashi babu bolar bakin ruwa da yake bari. Ledar Kano kuwa, abin mamaki, ba ta zuwa teku. Jakara da Challawa kogin Haɗeja suke bi, ta fadamar Haɗeja da Nguru, zuwa Komadugu Yobe da tafkin Cadi. Wato tasu a fadamarmu ta gida take kwanciya, inda ake noman shinkafa da kamun kifi.

Shi kuma dajin Neja Dalta dama da ciwonsa, malalar mai irin ta Bodo a 2008, saran itace don girki da ƙyafe kifi, ga wani kwakwan ruwa mai suna nipa da aka shigo da shi Kalaba a 1906 yana ta mamaye wurin mangurob. Roba ƙari ce a kan kaya. Kuma a cikin saiwoyin nan ne ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku, kawa da ƙananan dodon koɗi da mutanen yankin ke ci a laka suke kiwo. Karafish ɗin da ake auna mana a kasuwa a daka a zuba a miya, ba wanda ke cire masa hanji, dukansa ake ci.

Sai tambayar kwashewa. Manyan ledoji da gorori da komar da ta sarƙe a saiwa ana iya tsincewa da hannu, kuma yana da amfani sosai, don duk ledar da aka cire yau an hana gari miliyoyi gobe. Amma wanda ya riga ya zama gari ya shiga laka, da wace rariya za a tankaɗe hekta dubbai na taɓo? In ma ka ce za ka tono, ka fasa rumbun da hannunka, kabon ɗin ya fita, saiwoyi su mutu, maganin ya fi cutar. A Siri Lanka an ga wahalar abin a 2021 da jirgin X-Press Pearl ya kama da wuta a kusa da Kolombo, ƙwayoyin ɗanyar roba wajen tan 1,680 suka zube, sojoji da 'yan sa kai suka yi ta tankaɗe yashi da hannu wata da watanni, kuma wannan yashi ne busasshe a fili, ƙwayoyin ma ana ganinsu da ido kamar farin wake ƙanana. Don haka abin da ya rage biyu ne, a bar lakar a inda take ta hanyar barin dajin da rai da ba shi filin ja da baya, sannan a rage abin da ke gangarowa.

Na biyun ne ya gagara. A Maris 2022 ƙasashe suka amince a Nairobi za a yi yarjejeniyar duniya kan roba, aka zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka koma Janiba a Agustan 2025 nan ma haka. Rigimar ɗaya ce, ƙasashe sama da 100 na son a sa wa ƙerawa iyaka, masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha da Iran suka ce a'a, a yi maganar kwashe shara da sake sarrafawa kawai, alhali a duk robar da aka zubar daga farko zuwa 2015 kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa. Ba abin mamaki ba ne, in motoci suka koma lantarki, roba na cikin manyan kasuwannin da za su rage wa mai. Ƙasashe ɗaiɗaiku sun yi nasu, Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana farin soson tekawe a Janairun 2024. Amma ledar fiya wata ba a hana ta da baki, sai ranar da famfo ya kawo ruwan da uwa za ta yarda ta ba ɗanta, kuma mu duka mun san yaushe rabonmu da ganin hakan a unguwa.

A Eleme, kusa da Fatakwal, akwai masana'antar da ke sarrafa gas ɗin Neja Dalta ya zama ƙwayoyin ɗanyar roba. Tirela ta ɗauko buhunansu ta hauro arewa, injin ya narka su ya hura su zama leda, a ɗura ruwa, yaro ya ɗora a kai cikin bokiti yana bin motoci a tasha. Wani ya fasa da haƙori ya shanye a minti ɗaya ya wurga ta taga. Ta yi rani a kwata rana na gasa ta, ruwan farko na damina ya ɗauke ta zuwa rafi, rafi ya miƙa wa kogin Kaduna, in ta tsallake madatsa da yashi da saiwar ciyawa, bayan damina biyu ko goma abin da ya rage nata ya wuce Lakwaja da Onica, ruwa ya rarrabu ya yi sanyi a tsakanin saiwoyi, ta kwanta a laka, ba nisa sosai da rijiyar da aka haƙo gas ɗinta.